Hoton Koci Ɗanlahadi a Rigar Walƙiya

"Ni dai na gaya maka, ko ka shiga mota ko kada ka shiga, ni da ɗiyata Zariya za mu kwana gobe."

Muryar Asibi ce ta ratso bangon da ya raba ɗakina da nasu, ana idar da sallar la'asar. Gidan haya ne a Sabuwa, bangon bai kai rufi ba, ko tari maƙwabci ya yi sai ka ji. Tun da suka tare ban taɓa jin matar nan ta ɗaga wa mijinta murya ba.

"Ki yi a hankali, Maman Blessing," in ji mijin.

"In yi a hankali? Hotonka na cikin wayar kowa a garin nan, mai tsire ma ya tare yarinya ya nuna mata, ni ce zan yi a hankali?"

"An ce an goge."

"Daga ina aka goge? Daga idon mutane?"

Na ji ƙarar akwatin ƙarfe ana jan sa a kan siminti.

"In na gudu yau, shi fa?" ya ce.

"Shi da hannunsa ya ɗauki bindiga. Ni na ba shi?"

"Da ba shi ke riƙe da ita ba ran nan, da yanzu Blessing marainiya ce."

Daga nan sai kukanta, irin wanda ake toshe baki da zane.

Hoton da suke magana a kai ni ma na gan shi tun da hantsi. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu, Walƙiya, ita ta saka shi a shafinta na Fesbuk. Maƙwabcina ne a tsaye cikin sabuwar rigar ƙungiyar mai ruwan ɗorawa, usur rataye a wuya, yana dariya har ana ganin wushiryarsa. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: BARKA DA ZUWA SABON KOCINMU, ƊANLAHADI NA DAUDAWA. Ni kuwa Yohanna na san shi, mai aiki a injin niƙa na bayan kasuwa, wanda kullum hancinsa da bakinsa ke ɗaure da tsumma ko da injin a kashe yake. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai a hoton nan.

Labarin da ke biye na tattaro shi ne a kwanakin da suka biyo baya, wani daga bakinsa, wani daga bakin matarsa.

An haife shi ran Lahadi a wata unguwar Maguzawa da ke wajen Daudawa. Ubansa manomin dawa ne da ya tsufa a kan addinin kakanninsa kafin ya fara zuwa coci. Yohanna sunan baftisma ne, ba wanda ya taɓa kiransa da shi sai fasto. Ya buga ƙwallo a gaba har gwiwa ta hana shi, sai ya sayi usur. Ba shi da takardar koyarwa ko ɗaya. Keke gare shi, daga baya babur, yana zagaya Daudawa da Mairuwa da Sheme, duk inda samari suka share fili suka kafa itace biyu. Yawancin yaransa Musulmi ne. In aka kira magariba sai ya busa usur, ya zauna yana gadin takalma har su dawo.

Abin da ya yi suna a kai shi ne ido. Ɗanlahadi ba ya manta tafiyar mutum. In ya ga yadda kake ɗaga ƙafa sau ɗaya, ko shekara nawa aka yi, ko ta baya ya hango ka, zai kira sunanka ya kuma gaya maka inda ke maka ciwo. Samari na yi masa wasa da haka, su lulluɓa da bargo su wuce, ya ce, "Kai wane, ka gaida babanka."

Cikin yaran nan akwai Sadiƙ, ɗan Inna Barakatu mai awara a bakin titin Sheme. Dogon hannu gare shi da tsoron ƙwallo. Ɗanlahadi ya sa shi a gola, ya yi ta ɗirka masa ƙwallo a ƙirji har ya daina rufe ido. Da 'yan bindiga suka hana mutanen yankin zuwa gonakinsu na nesa, sai wata rana aka nemi Sadiƙ aka rasa. Uwarsa ta ce ɗauke shi aka yi. Abokansa suka ce babur ya gani a hannun 'yan bindigar ya bi su. Ni ina jin duka biyun gaskiya ne, domin yunwa da sha'awa ba su cika zuwa wa saurayi ɗaya-ɗaya ba.

An tare Ɗanlahadi a hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, zai je kallon wani wasa. Aka kora su daji su da yawa. A dabar 'yan bindigar ya ga Sadiƙ da bindiga a kafaɗa, kowannensu ya kawar da kai. Da ya ci gaba da kawar da kai haka, da wataƙila ya fito kamar yadda wasu suka fito. Sai wata rana wani mutum ya kawo wa 'yan dabar fetur a jarkoki, ya naɗe fuskarsa da rawani ba a ganin komai sai ido. Ya sauka daga babur ya taka, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ɗanlahadi na ɗaure a gindin itace, yunwa ta gama da shi, bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Lawwali, ƙafar nan har yanzu ba ta sake ka ba?"

Lawwali tsohon ɗan wasan bayansa ne, yana da shago a gari, yana sahun gaba a masallaci. Ogan dabar bai yi faɗa ba. Ya dubi samarinsa ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi Sadiƙ ya ce ya je ya kashe shi, domin ya san wanda ya koya masa kama ƙwallo.

Sadiƙ ya tasa shi a gaba har wani busasshen rafi. Ya tuɓe masa riga, ya tsaga masa dantse da wuƙa ya goga jinin a rigar, ya harba bindiga cikin yashi.

"Koci, daga yau ka mutu. Wallahi in aka gan ka, ni za a fara yankawa kafin a zo kanka."

Haka aka yi zaman makokinsa a Daudawa, da waƙoƙin coci da tsofaffin 'yan wasansa cike da ƙofar gida. Asibi ta yi kuka a gaban jama'a alhali ta san yana kwance a ɗakin wani ƙanenta ana wanke masa ƙafafu. Bayan ita da ƙanen, Inna Barakatu kaɗai ta sani. Daga baya suka lallaɓo Sabuwa, ya zama Yohanna mai niƙa.

Shekaru suka wuce a haka. Hanyarsa ta komawa gida daga injin ta bayan katangar firamare take, inda 'yan Walƙiya ke atisaye. Asibi ta ce akwai wata hanyar da ta fi kusa, amma bai taɓa bin ta ba. Yakan tsaya ya leƙa ta inda bulo ya faɗi. Ran nan golansu ya fito ya tsaya tsakiyar hanya, bai kai ga ƙwallo ba bai koma raga ba, sai aka ji murya daga bayan katanga: "Kai! In ka fito ka fito!"

Alhaji Sha'ibu, dillalin hatsi kuma shugaban ƙungiyar, yana zaune a benci. Ya taɓa jin wannan tsawar a wani wasa a Mairuwa. Ya zagayo katangar da kansa, ya dubi mai tsumma a fuska, ya ce, "Innalillahi. Ai na je gaisuwarka."

Alhaji ya yi ta zarya injin niƙa yana roƙonsa ya zama kocin Walƙiya. Ɗanlahadi ya ƙi, ya ƙi, sannan ya yarda da sharaɗi. Inna Barakatu ta aiko masa cewa Sadiƙ ya gaji, yana shirin gudowa idan dawa ta kai iyakar tsawonta, kafin a yanke, lokacin da mutum zai iya shiga gona a nan ya ɓulla can ba a gan shi ba. Don haka ba za a sanar da komai ba sai yaron ya fito ya yi nisa. Kafin nan zai riƙa zuwa da sassafe yana gyara wa yara tsayuwa, da sunan Yohanna. Alhaji ya dafa ƙirji ya ce ya ɗauka.

Sakataren ƙungiyar Malam Salim ne, malamin firamare mai mata da 'ya'ya, shi ke riƙe da shafin. Ya haɗa hoton sanarwa tun da wuri don ya ajiye. Ran da ya gama babu sabis a garin, kamar yadda aka saba yi kwana da kwanaki. Ya ce bari ya ɗora ya ga yadda zai zauna a shafi, tunda ba inda za shi. Abin ya yi ta juyawa bai tafi ba, caji ya ƙare, wayar ta mutu. Da safe ya miƙa ta a shagon mai caji ya wuce gona zuba taki. Mai caji ya jona ta ya kunna don ya tabbatar tana ɗauka. Sabis ya dawo da hantsi.

Kafin Malam Salim ya dawo da laka a ƙafa, hoton ya shiga duk wani zauren ƙwallo na waya daga Sabuwa har Ƙanƙara. Na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Ba zagi ko ɗaya. "Allahu Akbar, Koci yana raye!" "Ba shi muka yi wa makoki ba?" "Don Allah a ba ni lambarsa, ni ɗan wasansa ne a Sheme." Murna ce zalla, kowane mai murna kuma yana tura wa wani.

Akwai abin da har yau nake juyawa. Ɗanlahadi ya aika wa Alhaji Sha'ibu tun kafin azahar cewa a sauke hoton. Alhaji na da lambar sirrin shafin a wayarsa. Ba a sauke ba sai da Malam Salim ya dawo. Da na tambaye shi, cewa ya yi bai iya waɗannan abubuwan ba. Amma yaron shagonsa ya ce ya wuni yana duba yawan masu yabawa, yana cewa yau 'yan ƙungiyar ƙetaren kasuwa ba za su ci abinci ba. Ban ce ya so a kashe kowa ba. Ina jin dai ya ce wa kansa ɗan jinkiri kaɗan ba zai yi komai ba.

Asibi ba ta tafi Zariya washegari ba, domin kafin ta ɗaure kaya Inna Barakatu ta iso daga Sheme. Tsohuwa ce ƙarama, mayafinta duk ƙurar mota. Ba ta karɓi ruwa ba. Ta zauna a dandaryar tsakar gida, mu duka muna tsaye.

"'Yan dabar sun kira ni," ta ce. "Sun sa Sadiƙ ya yi magana. Ɗaure yake tun jiya."

Ɗanlahadi ya durƙusa a gabanta. "Mi ya ce masu, Inna?"

"Ya ce tsohon hoto ne. Ya ce 'yan waya na iya sa wa matacce kowace riga. Ogan ya ce to, zai aiko a duba. In an gan ka..." Ta kama gefen rigarsa. "Ɗanlahadi, ban zo in yi maka gori ba. Na san abin da ɗana ya zama. Amma shi kaɗai gare ni."

Asibi ta juya ta shiga ɗaki. Ta fito da kofin ruwa ta sa wa tsohuwar a baki da hannunta.

Da yamma aka kira Alhaji da Malam Salim. A ɗakina aka zauna don nasu ya cika da kaya. Malam Salim bai iya ɗaga kai ba, idanunsa sun kumbura, an ce 'yan kwamiti sun yanke shawarar tsige shi, wasu samari ma sun jefi ƙofarsa. Ɗanlahadi ya ce ya fito da waya ya rubuta abin da zai faɗa.

"Rubuta: Ƙungiyar Walƙiya na ba jama'a haƙuri. Hoton da ya fita kuskure ne. Muna shirya gasar tunawa da marigayi Koci Ɗanlahadi ne, wanda ya haɗa hoton ya ɗauki rubutun da ba shi ba. Allah ya ba iyalansa haƙuri."

Alhaji ya gyara zama. "Haba Koci. A kashe mutum da baki yana zaune? Ni fa ina tsoron Allah. Kuma mutane za su ce Walƙiya ba ta san abin da take yi ba."

Ɗanlahadi ya dube shi. "Wanne ne ya fi damunka a ciki, Alhaji?"



"Kuma sai an yi gasar da gaske," in ji Ɗanlahadi. "Da kofi da komai. In ba a yi ba za su gane."

Malam Salim ya tura. Muna zaune amsoshi suka fara shigowa. Ɗanlahadi ya karɓi wayar yana bi da yatsa, leɓɓansa na motsi. Wani ya rubuta cewa ya yi sadaka jiya don murna, yau kuma ga shi yana kuka. Wani ya zagi ƙungiyar tas. Wani ya ce Koci ne ya saya masa takalmin ƙwallo na farko. Ya daɗe a kan wannan kafin ya miƙa wayar.

Tafiya ba ta yiwu ba a lokacin, domin tasha ce wuri na farko da ɗan aike zai tsaya. Sai aka sa wa ɗakinsu kwaɗo ta waje, su uku suna ciki. Ni ke miƙa masu abinci ta saman bango. Blessing ba ta kai shekarun da za a yi mata bayani ba, amma ko tari ta koyi yi a cikin filo. Duk babur da ya rage gudu a lungunmu sai in leƙa ta ƙofa. Matan gidan suka daina daka. Almuru na yi kowa ya ja ƙofarsa.

Ran kasuwa da rana tsaka aka yi sallama a ƙofar gida. Kafin in tashi na ji an ƙwanƙwasa bango a hankali. Na kara kunne.

"Shi ne," Ɗanlahadi ya raɗa. "Ji ƙafar."

Na fita. Mutum ne mai tsabta, farar shadda, hula a karkace, da carbi. Ya gaishe ni da fara'a ya ce daga Faskari yake, ɗan'uwan Koci Ɗanlahadi ne na ƙwallo, ya ga hoto ya kasa barci, an ce masa a gidan nan wani mai kama da shi yake.

"Yohanna mai niƙa kake nufi?" na ce. "Ai ya kwashe iyalinsa tun kafin ruwa ya zauna. Ga ɗakin nan a rufe."

Ya shigo tsakar gida ba tare da na ce ya shigo ba, yana jan ƙafar hagu a kan siminti. Ya tsaya gaban ƙofar. Ya kama kwaɗon ya jijjiga. Ya dubi igiyar shanya, ya dubi murhu. A bakin rariya akwai ɗan silifas na Blessing, ƙafa ɗaya. Ya daɗe yana kallonsa.

"Na 'yar wa ne wannan?"

"Gidan haya ne, Malam. Yara sun fi kaji yawa."

Ya yi dariya. Ya ɗaga murya kamar mai magana da ni, amma fuskarsa na kallon ƙofar. "Allah ya jiƙan Koci. Mutumin kirki ne, bakinsa ne dai ba ya da linzami."

Na ji daga baya ya je injin niƙa, ya je wurin mai tsire, ya je filin firamare ya tarar ana kafa allon gasar marigayi. Ba wanda ya gaya masa komai. Zan so in ce ƙauna ce ta rufe bakin unguwa. Gaskiyar ita ce a Sabuwa yanzu ba mai amsa tambayar baƙo, don ba ka san wanda zai ji cewa kai ka amsa ba. Abin da ban sani ba har yau shi ne ko Lawwali ya yarda, ko kuwa ya ga silifas ɗin ya gane, ya lissafa cewa gara masa Koci matacce a bakin kowa da Koci mai rai da za a kamo a sake tambaya a gaban oga. Shi ma yana da abin tsoro.

Bayan kwanaki Inna Barakatu ta kira wayata. An kwance Sadiƙ. Ta ji muryarsa, a gajiye amma da ransa. Sai dai an karɓe wayarsa, an mayar da shi wata daba can ciki, an haɗa shi da wanda ba ya rabuwa da shi ko bayan gida zai je. Abin da ya iya gaya mata kawai shi ne a bar maganar dawa, bana ba za ta yiwu ba.

Na faɗa wa Ɗanlahadi ta saman bango. Can na ji Asibi na cewa, "Ya rayu dai, Baban Blessing. Ka ji? Ya rayu." Shi kuwa ya ce, "Za a yanke dawa yana ciki."

Alhaji Sha'ibu ya samo motar hatsi mai zuwa kudu, wadda za ta tsaya a bakin lungu ba sai an je tasha ba. Bai zo sallama ba, ya aiko da buhun masara. Da safe na cire kwaɗon. Asibi ta fita da akwati a ka, Blessing na riƙe da zanenta, ba su waiwaya ba. Ɗanlahadi ya fito daga baya, ya rame, idanunsa ba su saba da haske ba. Ya miƙo mini rigar nan mai ruwan ɗorawa a ninke, ya ce a mayar wa ƙungiya.

Ya kai bakin ƙofar gida, ya leƙa lungu dama da hagu, sannan ya juyo.

"Ka gaya wa Alhaji kada su tsige Malam Salim. Shi cewa ya yi a bari sai Sadiƙ ya fito a ɗauki hoton. Ni na matsa masa. Na ce ya ɗauke ni a rigar, ina so in ga yadda nake."